Ranar da Hukuma Ta Zo Cin Gwaza

Wata goma sha huɗu Fuarosa ta yi tana zarya ofishin ƙaramar hukuma kafin sunanta ya shiga jerin masu neman gida. Gidaje shida aka gina a bayan filin ƙwallo don iyalai masu ƙananan yara, masu nema kuwa sun haura ɗari. Abin da ya rage kawai ma'aikaciya ta zo ta ga makwancinsu da idonta, ta rubuta. An sa ranar Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe.

Makwancin nasu garejin motar Kawu Lemalu ne, su biyar: ita, mahaifiyarta Tausala, da yara uku. Suna ciki tun da mijinta ya tafi kudu tsinkar lemo ya manta hanyar dawowa. Siminti a ƙasa, kwano a sama, bango ya yi baƙi da fumfuna kamar gindin tukunya. Autarta Pele, 'yar shekara shida, fuka ta kama ta, in hunturun ƙasar ya shigo a watan Yuli har daga waje ana jin ƙirjinta yana fito. Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye, in ba a fitar da yarinyar daga ɗakin nan ba, asibiti zai zama gidanta.

Kuskuren Fuarosa ɗaya ne, ta gaya wa uwarta za a yi baƙuwa.

"Daga hukuma?" Tausala ta dafe ƙirji. "Shi ne sai yau Litinin nake ji?"

"Mama, ba zumunci za ta zo yi ba. Halin da muke ciki za ta gani."

"Wane hali? Ke 'yar nan, a can tsibirinmu Savai'i ko mai tallar kifi ne ba a tarbarsa a ɗakin mota. Ubanki mai sarauta ne. So kike Baturiya ta koma ta ce ta ga jikokinsa a kwance gefen gwangwanin fenti?"

"To ai nan suke kwance."

"Rufe min baki. Sai na mutu ki yi tallar talaucinki."

Kafin Laraba zance ya gama zagaya matan coci, kuma matan nan ba a barin su a baya wajen rufa wa juna asiri. Wannan ta kawo labule, waccan kujerun taushi, matar fasto ta ba da aron tabarmin saƙa masu gashin tsuntsu waɗanda sai biki ko mutuwa ake fito da su. Falon Kawu Lemalu ya koma kamar za a ɗaura aure. Shi ma Kawun ya ba da goyon baya da sauri, don ya san doka ta hana ajiye mutane a gareji, kuma tara ba ta san ɗan'uwa ba. Da hannunsa ya kwashe katifu ya kai gidan maƙwabta. Pele ma can aka tura ta, wai ba a yi wa baƙo tari a kan abinci.

Ma'aikaciyar, Misis Hollis, ta iso a gajiye, gida na huɗu ke nan tun safe. Mace ce mai kirki, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Ta tuɓe takalmi a ƙofa, aka rataya mata sarƙar furanni, aka zaunar da ita gaban tebur: gwaza da madarar kwakwa, gasasshen alade guda, kaji, ɗanyen kifi da lemon tsami, dafaffiyar ayaba. Abincin gidaje tara ne a wurin, amma ba a rubuta a jikin faranti ba. Manyan yaran biyu na tsaye cikin fararen kayan Lahadi, gashi na ƙyallin man kwakwa.

Fuarosa ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwarta, inda 'ya ke zama. Ita ce tafinta, don tsohuwar ba ta jin Turanci.

"Yaran suna samun abinci isasshe?" Misis Hollis ta tambaya, ta dubi teburin, ita kanta ta yi dariya. "A ina suke kwana?"

"Gaya mata gidan ɗan'uwana gidanmu ne," in ji Tausala. "Gaya mata mun gode wa Ubangiji, ba mu rasa komai ba."

Fuarosa ta gaya mata. Da bakinta, kalma bayan kalma, ba ragi ba ƙari.

"Takardarki ta ce gareji," in ji Misis Hollis. "Zan iya leƙawa?"

Kawu Lemalu ya ƙyalƙyale. "Tarkace ne kawai a ciki, ranki ya daɗe. Yara kan shiga wasa. Ƙara naman nan mana, ba ki ci komai ba."

Matar ta ajiye cokali, ta dubi Fuarosa ita kaɗai. "Akwai abin da kike so ki nuna min?"

Taku goma sha biyu ne tsakanin falon da garejin. Bangon na nan da baƙinsa, ba wanda ya iya aro wani bangon. Amma ga idon uwarta, ga na Kawu, ga matar fasto tsaye da butar shayi. A gaban baƙo 'ya ba ta ƙaryata uwa, haka aka raine ta, haka take rainon nata. Ta sunkuyar da kai ta ce babu.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Bayan mako uku wasiƙa ta zo. Iyalin na zaune a gida mai tsafta, da wadatar abinci da dangi masu taimako, don haka babu buƙatar gaggawa. Fuarosa ta karanta sau biyu, ta hau bas zuwa ofis.

"Ki dawo ki gani," ta ce da Misis Hollis. "Yau za ki ga gaskiya, katifun sun dawo."

"An raba makullan jiya, Fuarosa." Matar ba ta iya haɗa ido da ita ba. "Abin da na gani nake rubutawa, ba ni da ikon rubuta abin da nake zato. Sau biyu na tambaye ki."

"Yaushe za a sake buɗewa?"

"Sai wani ya tashi daga gidajen. Shekara biyu, ko uku."

A bas Fuarosa ta nemi wanda za ta zaga. Ta gwada hukuma, ta gwada Kawu, ta gwada mijin da ya gudu, ta gwada tsohuwar. Kowa ya cancanci rabonsa, amma duk inda ta juya bakinta ne ya ce babu, kuma wannan ya fi ci mata rai.

Ta tarar da Tausala a gareji ta kifa kan Pele a kan kwanon ruwan zafi, ta lulluɓe ta da tawul. Kafaɗun yarinyar na hawa suna sauka, leɓenta ya soma sauya launi.

"Me Baturiyar ta ce?" tsohuwar ta tambaya.

"Ta ce a gaishe ki."

"Abincin fa?"

"Ta yaba."

Tausala ta gyara zama, fuskarta ta cika da haske. "Kin gani ko? Da na biye miki da yanzu mun zama abin faɗi. Mun fita kunya, 'yar nan."

Fuarosa ta yaye tawul ɗin, ta saɓi Pele a kafaɗa.

"Mun fita, Mama," ta ce. "Miƙo min katin asibiti."