Rigar Jijiya

Ranar da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, ƙafar matata Fanta ta daina jin ƙasa. Likita a Zariya ya ce rigar jijiyoyinta ce ke zaizayewa, ƙwayoyin da ke yi mata faci a ƙwaƙwalwa kuma sun gaza.

Danginta na Manawashi, waɗanda suka zama masana komai tun da suka sayi Fijo, suka ce sammu ne.

"Malam, boko ya yi nasa, ba mu 'yarmu," in ji yayanta Aƙilu.

Suka kai ta ƙauye wurin wani boka mai turare, suka hana ni zuwa. Can ta rasu tana tambayar wa ya tsane ta haka. Ban samu na ce mata ba: Fanta, babu wanda ya tsane ki.