Saƙo na Goma Sha Ɗaya

"Sansani na biyu, ku turo kwalekwale," in ji muryar, karo na uku ke nan.

Tela ya ƙura wa rediyon oba-obar ido kamar zai hango mai maganar a ciki. Tun da ambaliya ta raba unguwar gida biyu, shi ke riƙe da oba-obar a ajin firamaren da aka tara jama'a, wato sansani na biyu. A sansani na biyar, can tsallaken ruwa, Wanzami ne mai magana, shi kuwa ko sallama ba ya yi sai ya faɗi lambar sansani da ta saƙo. Wannan kuwa da ke kira daga can mace ce, ba lamba, ba "na gama", sai haki.

Ran Tela bai kwanta ba. Jiya ma wani ya ari oba-oba ya rantse mutane na nutsewa, kwalekwalen nan guda ɗaya tilo ya tafi, ya dawo da awaki shida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Matuƙin kwalekwalen ya leƙo ya ce in za a je a je, ruwa ƙaruwa yake. Tela ya ce ya dakata, doka doka ce. Ya nemi a ba shi Wanzami, aka ce ba zai iya magana ba. To, ga irinta nan. Ya tambaye ta wace ce, ta ce matar Wanzami ce. Ai kowa ma zai iya faɗin haka.

Sai da suka daɗe suna wannan ja-in-ja dabara ta faɗo masa. Kowane sansani yana rubuta saƙonninsa a littafi.

"Karanto mini saƙonsa na ƙarshe."

Ya ji ana buɗe takarda. Ta karanto na goma tiryan-tiryan, daidai da abin da ke gabansa. Sannan ta ce akwai na goma sha ɗaya, wanda bai kai ga aikawa ba: katanga ta tsage, a kwashe mutane.

"Ita ce ta faɗo masa, Malam. Ɗazu yana numfashi."

Kunya da tsoro suka rufe Tela. Matuƙin bai jira umarni ba, ya ruga.

Tela ya jawo littafinsa. Akwai gurbin lokacin da kira ya shigo, akwai na lokacin da aka tura taimako. Ya dubi agogo, ya daɗe riƙe da biro, sannan ya rubuta gaskiya: ƙarfe biyu da minti goma a na farko, uku saura kwata a na biyu.