Lambar Solvej

Ejgil ya kashe rediyon motar, ya sake kunnawa. Labarin dai ɗaya ne: jiragen yaƙi a tekun Baltik, majalisa ta ƙara wa soja kuɗi. Ya fito ya zaga motar, ya koma ya zauna. Kofin da ya zuba tun safe ya huce bai kurɓa ba.

'Yarsa Solvej tana cikin barikin sojan da ya tsaya a gabansa. A bana doka ta canza, duk yarinyar da ta cika shekara sha takwas sai ta je ta ja ƙuri'ar aikin soja kamar maza. Ƙaramar lamba, a ɗauke ka. Babba, ka koma gida. Ejgil da bakinsa ya yabi dokar a wurin aiki, har yana cewa adalci ke nan. A lokacin bai lissafa cewa 'yar tasa guda ɗaya ce ba, kuma su biyu ne kaɗai a gidan tun rasuwar uwarta. Mutumin da sai Kirsimeti coci ke ganinsa, yau ga shi yana roƙon Allah babbar lamba. Tsoro yake ji, tsoro sosai.

Da ta fito bai iya karanta fuskarta ba. Ta shiga, ta ɗebi baƙar alewar gishirinsa ba tambaya, sannan ta faɗi lambar. Babba ce ƙwarai, irin wadda ba a taɓa kira.

Ya daki sitiyari yana dariya, ya ce yau sai gasasshen nama a garin Herning, ta zaɓi duk gidan abincin da take so.

"Baba, tsaya. Na sa hannun shiga soja tun kafin in ja. Da son raina zan je."

Dariyar ta tsaya. Ta yi masa bayani a natse: wata goma sha ɗaya ne, ba yaƙi za ta ba, ta daɗe da yanke shawara, ta dai rasa ranar faɗa masa. Ya ji duka. Ya lalubi abin da zai hana ta, ya rasa, don babu kuskure ko ɗaya a maganarta.

Can ya ce, "To karenmu fa? Wa zai riƙa fita yawo da shi?"

Solvej ta dube shi, ta daina tauna alewar.

"Baba, ai kullum kai kake fita da shi."