Lambobi Uku na Ƙarshe

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda ƙiftawar ido ba ta kuɓuce wa iliminSa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzo.

Mai rubuta manhajar kamfanin, wanda abokan aiki ke tsokana da Malam Daƙiƙa, ya sake buɗe fayil ɗin bayanan hatsarin, ransa a dagule. Makon jiya wuta ta kashe Baba mai gyaran lantarki a ɗakin injin. Masu bincike na son sanin abu ɗaya: wayar da Baba ya gyara ce ta fara tartsatsi, ko tsohuwar taransifomar kamfani?

Na'urar sa ido ta auna lokacin tartsatsin kowace cikinsu da nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Amma manhajar da ke zuba bayanai a fayil, kowane iri a ginshiƙinsa, ta yanke lambobi uku na ƙarshe. Lokutan biyu suka zama ɗaya, na'urar kuma ta riga ta shafe na asali. Tun bara ya roƙi a bar shi ya koma sabon tsarin da ke riƙe lambobin duka. Manaja ya hana, wai tsofaffin kwamfutocin ofis ba za su iya karantawa ba, har ya yi masa dariya cewa ko Agogo sarkin aiki bai kai shi ƙididdiga ba.

Bayan azahar Manaja ya tsaya a kansa, ya dangwala yatsa a allon kwamfutar.

"Ga lokacin wayar Baba a layin sama. Rubuta cewa shi ya fara, ɗan'uwa, mu huta."

Malam Daƙiƙa ya bayyana masa cewa idan lokuta suka yi kunnen doki, manhajar kan jera su yadda ta ga dama. Manaja ya ce masu bincike ba su san haka ba.

"Ranka ya daɗe, ni na sani. Wanda ke kabari ba shi da bakin kare kansa."

Manaja ya fita. Shi kuwa ya rubuta cewa fayil bai nuna wanda ya riga ba, ya faɗi dalili, ya sa hannu, yana sane da cewa kujerarsa na rawa. Hakan bai wanke Baba ba, zargi na nan rataye a kan sunansa.

Sannan ya buɗe manhajar ya yi gyaran da aka hana shi bara. Kalma ɗaya kawai ya canza. Ya daɗe yana kallonta.

Allah Ya jiƙan Baba da dukkan mamatanmu, Ya tsare mai karatu daga shaidar zur. Amin.