Bakwai a Jere

"Kada ka sake ce mini *consecutive* a gidan rediyon nan," in ji Edita, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu. "Ka faɗe ta a wasa na uku, ka maimaita ta a na biyar. Masu sauraro za su ɗauka Turancinmu ya ƙare."

"Ranki ya daɗe, ai ko fara wasan ba a yi ba."

"Shi ya sa nake gaya maka tun da wuri. Ka tanadi sabuwa."

Ta wuce abinta. Mutumin da kowa a gidan yake kira Na-Wasanni ya bi ta da ido, ya miƙe, ya koma ya zauna. Shi ne yake karanta labarin wasanni da Turanci kowace yamma, kuma kwanan nan aikin ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ƙungiyar ƙwallon garin ta sha kashi sau bakwai a jere, yau kuma tana can wani gari za ta buga na takwas. Edita mace ce da ta tsani maimaici, a wurinta faɗin kalma ɗaya sau biyu lalaci ne tsagwaronsa. Abin da ba ta taɓa ambatawa ba, alhali har maigadi ya sani, shi ne mai tsaron ragar da ake ta zura wa ƙwallayen nan ɗan Na-Wasanni ne na fari.

Da safe yaron ya kira shi daga cikin motar ƙungiya. Tun yana ƙarami ake ce masa Gola, har sunan yankan ya kusa ɓacewa.

"Baba, koci ya ce yau ce dama ta ƙarshe. In aka sake cin mu, sabon golan da aka kawo zai karɓi ragar, ni kuma in nemi wani wurin."

"Ba za a ci ku ba, in sha Allahu."

"Haka ka ce wancan makon," Gola ya faɗa yana dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba.

Na-Wasanni ya tashi ya nufi situdiyo, inda Injiniya yake kwance wata waya da ta cukurkuɗe. Ya tsaya a kansa, ya zagaya tebur, ya dawo.

"Da a ce da Hausa nake karantawa da na huta," ya ce. "A jere, a jere, har tashin duniya babu mai ce mini uffan."

"To ka ce *successive* mana."

"Na kashe ta a na huɗu."

"*Straight* fa?"

"Na shida."

"*In a row*?"

"Sau biyu na yi da ita, har sai da aka kira ni ofis."

Injiniya ya ajiye wayar da yake kwancewa, ya zaro ta aljihunsa, ya shiga dannawa yana murmushi. Shi abin nishaɗi ya zame masa. Ya karanto *back-to-back*, Na-Wasanni ya ce wannan ta fi dacewa da guda biyu, su kuwa sun wuce nan tuntuni. Ya karanto wasu biyu masu nauyi da sai dai a kotu ko a littafin lissafi. Can sai ya buga tebur.

"Yauwa! *On the trot.* Wallahi wannan ko Edita sai ta sara maka."

Kalmar ta zauna daram, kuma zamanta daram ɗin ne ya ɓata wa Na-Wasanni rai. Ya ji kunyar kansa. Ɗansa yana can yana ɗaure igiyar takalmi, shi kuma yana nan yana yi masa tanadin shan kashi, kamar mai ɗinka likkafani majiyyaci na numfashi. Ya fice ba tare da ya ce na gode ba.

Ba a nuna wasan a talabijin. Sai dai wakilin gidan, wanda ya bi ƙungiyar, ya riƙa bugo waya, layin kuma yana ta yankewa. Na-Wasanni ya sauka ƙasa, ya hau sama, ya leƙa ɗakin labarai, ya sha ruwan da ba ya jin ƙishinsa. Matarsa ta kira.

"Baban Gola, an fara?"

"An fara."

"To kada ka gaya mini komai. Ina kan sallaya." Sai kuma ta ce, "Nawa da nawa?"

"Ba kin ce kada in gaya miki ba?"

Kafin ta amsa, kiran wakili ya shigo. Ta cikin ihun 'yan kallo ya ce an ci su ɗaya. Ƙwallo ce mai sauƙi, ta suɓuce daga hannun Gola ta gangara raga. Layin ya yanke. Na-Wasanni ya jingina da bangon matakala. Ya san hannayen nan. Shi ya fara jefa musu ƙwallon tsumma a tsakar gida, ya kuma sha faɗa da uwar yaron a kan a bar shi ya bi abin da yake so. Ya ɗaga kai ya ce, "Ya Allah, ka ba su nasara yau, ko ta wace hanya ce."

Daga nan wayar ta yi tsit. Ya kira wakili har ya gaji, ba ta shiga. Ya koma teburinsa ya shirya sauran labaran, na dambe da na tsere, ya bar na ƙwallo a buɗe. Agogon bango yana ta matsowa kusa da lokacin shirinsa.

Yana kan hanyar situdiyo wayar ta yi ƙara.

"Mun ci!" wakili ya kurma ihu. "Mun rama, mun ƙara! Biyu da ɗaya! Har fenariti gola ya tare a minti na ƙarshe!"

Na-Wasanni bai san lokacin da ya daka tsalle ba, da furfurarsa da komai. Ya rungume Injiniya, ya kama hannun mai shara ya girgiza. Ɗakin labarai ya kaure da tafi. Edita ta leƙo tana cewa to, an huta da neman kalma.

"Na-Wasanni," muryar wakili ta sake fitowa, a hankali wannan karon. "Kana ji na? Akwai abu ɗaya. Ban san yadda zan gaya maka ba ɗazu. An cire Gola tun hutun rabin lokaci. Sabon ne ya tare."

Injiniya yana ɗaga masa hannu ta bayan gilashi. Ya shiga, ya zauna, ya sa abin ji a kunne. Jar fitila ta kama.

Ya karanta. Ya ce ƙungiyar ta farfaɗo, ya faɗi waɗanda suka ci ƙwallayen, ya faɗi sunan sabon golan, ya bayyana yadda ya tare fenaritin kamar yana wurin. Murnar ɗazu ba ta gama fita daga maƙogwaronsa ba, ita ta ɗauke shi har ƙarshen labarin, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

"Rabon da in ji ka haka har na manta," in ji Edita da ya fito. "Madalla."

Ya ce na gode, ya ɗauki hularsa. Yana isa bakin titi Gola ya kira. Ana jin waƙa da bugun kujeru a bayansa, abokan wasansa suna ta shagali a mota.

"Baba, direba ya kunna mana rediyo. Mun ji ka."

"Gola..."

"Ka karanta da kyau, Baba. Gaskiya ya tare da kyau." Ya ja numfashi. "Ɗakin nan na baya, har yanzu keken ɗinkin Mama yana ciki?"

"Yana ciki. Za mu fitar da shi."

"To. Gobe zan zo da kayana."

Motar unguwarsu ta tsaya a gabansa, kwandasta yana ta kira. Na-Wasanni ya bar ta ta wuce. Ya tuna ƙwan fitilar ɗakin ya mutu tun bara, sai ya tsallaka titi zuwa shagon mai kayan lantarki kafin ya rufe.