Talatar Mutari a Gidan Alfari

Wata huɗu ke nan da Mutari ya ce ya bar shan ƙwayar tramol, amma matarsa Rahinatu ba ta sakankance ba. Ɗan kabu-kabu ne, yana jigilar mutane bisa babur daga kasuwar Gaya zuwa bakin gada. Can ya koyi shan ƙwayar, wai don kada ya ji gajiya. Shekara uku tana gani: rama, faɗa ba dalili, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi tsakar gida yana jijjiga, kumfa a baki.

Sai ga wani sabon hali. Duk Talata bayan azahar sai ya aje moto gida, ya fita da ƙafa. In ta tambaya ya ce, "Nan kusa ne." In ya dawo ba ya son magana. Ta laluba aljihunansa, ta ɗaga kujerar moto, har cikin hula ta duba. Ba komai. Wannan ya fi tayar mata da hankali, ta ce a ranta ya ƙware da ɓoyo ke nan.

Talata ta uku ta yafa gyale ta bi shi daga nesa. Ya ratsa bayan tasha, ya shiga wani gida mai jan ƙyaure. Gidan Alfari ne, wanda kowa ya san dā shi ke sayar wa ƴan kabu-kabu ƙwaya.

Ta tura ƙyauren ba sallama.

Maza shida ne bisa tabarma ƙarƙashin mangwaro, har da Mutari, da wani ma'aikacin lafiya, Isufu, wanda ta sani tun ranar faɗuwar Mutari. Alfari na cikin magana, ya yi shiru. Ta bi tabarmar da kallo, ba ta ga komai ba sai butoci.

Mutari ya ja ta zaure.

Ta ce masa, "Baban Salima, gaya mini gaskiya. Ka koma?"

Ya ce, "Sau ɗaya. Ranar da na je Tanda sawu uku, bayana kamar zai tsinke. Na sha biyu. Washegari na je wurin Isufu, shi ya kawo ni nan."

"Gidan mai sayarwa?"

"Ya bari, Rahina. Shekara biyu. Shi ma ƙwayar ta kusa kashe shi. Muna zama ne kowa ya faɗi yadda ya kwana da abin."

"Ni fa? Ni ba mutum ba ce?"

"Kunya na ji."

Isufu ya leƙo ya gaishe ta. Ya ce jikin da ya saba da ƙwaya yakan daɗe yana nemanta, kuma wanda ya zame ya faɗa da bakinsa ya fi saurin tashi. Ya ce ƙarshen wata matansu ma suna zuwa, in tana so. Ta saurare shi, amma idonta na kan Alfari, wanda ya ƙi ɗago kai. Ba ta yarda da shi ba, ba ta kuma ɓoye ba.

Tare suka koma gida, tana gaba yana baya. Daidai tasha ta tsaya.

"In abin ya taso maka, ka gaya mini kafin ka sha, ba bayan ka sha ba."

"Zan yi ƙoƙari," in ji shi.

Ta lura bai rantse ba. Dā rantsuwa ce kan gaba a bakinsa, kuma duk ƙarya ce. Ta rasa ko ta ji daɗi ko ta ji tsoro, sai ta ce masa ya wuce gaba, rana na dukanta.