Layi Na Uku a Takardar 'Yata

Sati shida da rasuwar 'yata, yara biyu 'yan ajinsu suka yi sallama a ƙofar ɗakin da nake ɗinki. Namijin dogo ne, ya soke riga cikin wando kamar mai zuwa neman aiki. Shi ne monitan aji shida. Macen gajera ce mai ƙaton gilashi, tun kafin ta cire takalmi ta gaya min cewa Rediyo ake kiranta.

"Mama, ya ƙarin haƙuri?"

Na ce da godiya. Na ture yadi daga kan benci suka zauna.

'Yata shekararta goma sha takwas, ita kaɗai Allah ya bar mana. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, saura wata guda su fara jarrabawar fita. A gida Dakta muke ce mata. Babanta ne ya laƙa mata sunan tun tana shekara biyar, ya bi ta har unguwa ta manta na gaskiyar.

Monita ya buɗe jaka ya fito da takardu. Ya ce 'yan ajin za su buga ɗan littafin ban kwana, kowa da shafinsa, da hotonsa, da layi uku a ƙasa: abin da yake sha'awa, halinsa, da abin da yake so ya zama. Kowa ya cike nasa. Nata ne ya rage, kuma malamin ajinsu ya ce iyaye ne kaɗai za su cike su sa hannu. Ranar Juma'a za a kai wa mai bugawa. Ranar da suka zo Laraba ce.

"Bari in karanta miki na wasu ki ga yadda ake yi," in ji Rediyo, ta fizge takardun. "Wannan ya ce sha'awarsa barci. Halinsa, ba ya son a tashe shi. Burinsa ya zama manaja. Wannan kuma matuƙin jirgin sama, Mama, yaron da aka ce ya hau tebur ya goge saman allo ya ce jiri yake ji!"

"Ba a ce ki yi sharhi ba," in ji Monita.

Ta nuna shi da takarda. "Ga na Ranka-ya-daɗe nan. Alƙali. Tun yanzu ma ya ɗaure rabin aji da rubuta sunan masu surutu."

"Karanta naki mana. Mama, wai halinta kawaici ta rubuta."

"Tawa ƙaryar layi ɗaya ce, kai taka shafi guda!"

Sai na ji dariya ta fito min. Tun da aka fita da 'yata daga gidan ban yi ba, har na tsorata da jin muryata.

Monita ya miƙo min takardar da babu komai a kanta sai hotonta an manna. Na ce ya rubuta da kansa, hannuna ba shi da sauri. Na ce sha'awarta karatu. Halinta shiru-shiru, ba ruwanta. Burinta kuwa kowa ya sani, likita.

Bai rubuta ba. Ya kalli Rediyo, ita kuma ta kalli ƙafarta.

"Me ya faru?"

"Ba komai, Mama."

"Ƙarya kake, da komai," in ji Rediyo. "Mama, ki yafe min, bakina ba ya riƙe magana. Sufana ba ta son likita. Ranar da aka yanka ɓera a ɗakin gwaji, sai da muka yi mata fifita da littafi."

"Wace ce Sufana?"

"Ita mana. Haka muke kiranta. Kullum da sufana da sukundireba a jakarta."

Daga nan sai suka shiga ba ni labarin wata yarinya da ban taɓa haɗuwa da ita ba. Wai ita ta gyara fankar ajinsu bayan shekara biyu a mace. Wai babur ɗin malamin lissafi ya ƙi tashi a bakin ƙofa, ta naɗe hannun riga ta durƙusa, maza suna ihu, kafin a kaɗa ƙararrawa ya tashi. Wai in aka fara gardama a aji, sai malami ya ce a fitar da ita kafin a ci gaba da darasi. Tana kwaikwayon tafiyar shugaban makaranta har mutum ya riƙe ciki.

"Shiru-shiru?" Rediyo ta cire gilashi ta goge ido. "Ni fa a wurinta na koyi surutu."

"Manyan injuna take son ta gyara," in ji Monita a hankali. "Na masana'anta, na ruwa. Ta ce ita injiniya za ta zama ko da za ta shekara goma tana nema."

Na juya na kalli keken ɗinkina. Tun bayan rasuwarta yake tsinka zare, na ɗauka tsufa ne. Kowace Asabar takan zauna ta buɗe ƙasansa ta ɗiga mai, ni kuma ina ganin taimakon uwa take yi, kamar wanke-wanke.

"Akwai kwalinta ma," in ji Rediyo. "Ta ce yana ƙarƙashin gado. Akwai wani abu da take haɗawa tun bara, ta hana kowa gani, wai sai ranar bikin fita. Mun so mu ɗauki hotonsa mu sa a shafin."

Na san kwalin. Sati biyu kafin zuwansu na share ɗakinta. Na jawo shi, na ga wayoyi da matattun agoguna da kan tsohuwar fanka, har na ji haushin yadda ta tara min shara. Mai sayen tsofaffin ƙarfuna yana wucewa da amalankensa, na kira shi na ce ya ɗauka kyauta. Littattafanta na kimiyya kuwa na goge su ɗaya bayan ɗaya na jera a kan tebur.

Na ce wa yaran su bar min takardar, zan kai da kaina.

Babanta mai aski ne. Da yamma ya dawo da warin hoda da sabulu a jikinsa, na bari ya wanke hannu ya zauna, sannan na ajiye takardar a gabansa na gaya masa abin da yaran suka ce. Maganar kwali ce kaɗai na haɗiye.

"Surutun yara ne," ya ce. "Ki sa likita."

"Malam, su ne suke wuni da ita."

"Mu kuma muka haife ta. Babu wanda ya zauna a kujerata shekara goma sha uku bai ji labarin Dakta ba. Yanzu in ce musu me? Bakanike na haifa?"

"Ba don masu zuwa aski za a buga ba."

"Maman Dakta." Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja. "An karɓe yarinyar. Sunan ma sai kin karɓe? Ki bar min shi."

Ya tura kwanon abinci gefe ya fita tsakar gida. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa sa hannu a wata takarda ba tare da yardarsa ba.

Washegari na rufe ɗaki na tafi neman mai amalanke. Aka kwatanta min filin da suke zubar da kaya, bayan layin masu walda. Tsibin ƙarfe ne ya fi rufin gidanmu tsawo: ƙofofin mota, tukwane, ƙafafun gado. Na same shi yana auna wani buhu.

"Kwali? Hajiya, kwali nawa nake ɗauka a rana? Na sati biyu ai babbar mota ta kwashe, yanzu an narka."

Duk da haka na tsuguna na yi ta tonawa har wani ƙarfe ya yanke ni a yatsa. Ko da na ga kayanta a wurin, ba zan gane su ba. Wannan ne ya sa na tashi.

Ranar Juma'a da safe na sa takardar a jaka na tafi makarantar. Malamin ajin, wani siriri mai furfura a gemu, ya kai ni ajinsu domin ofis cike yake. An gama jarrabawa, babu kowa, kujeru a kife a kan tebura. Ya sauke ɗaya a layin baya kusa da taga.

"Nan take zama. Na sha dawo da ita gaba, kafin in juya ta koma."

A jikin teburin an kankare zanen wasu ƙafafun inji masu haƙora, ɗaya na cizon ɗaya. Ya danna makunni, fanka ta fara juyawa a samanmu, ba ƙara ko kaɗan.

"Malam, kai ma ka sani?"

"Na sani. Na ce mata ta kawo iyayenta mu zauna. Ta ce in bari ta ci jarrabawa tukuna, wai labari mai ɗaci ya fi shiga in an haɗa shi da mai daɗi." Ya miƙo min biro. "Abin da kika rubuta shi za a buga, ba wanda zai canza. In kin ce likita, likita ne."

Na daɗe riƙe da biron. Na tuna mutumin da na baro a gida, wanda tun rasuwar bai cinye kwano guda ba. Shi yana da rai, zai ji ciwo. Ita ba za ta ji komai ba. Amma yara arba'in da ɗaya za su ajiye littafin nan har su tsufa, su buɗe su ga an yi mata ƙarya da sa hannun uwarta.

Na rubuta da ƙaton rubutuna mai hawa da sauka. Sha'awa: kwance inji da ɗaure shi. Hali: gardama da ban dariya, amma a gida shiru. A layi na uku na tambayi malamin yadda ake rubuta injiniya, ya faɗa min harafi ɗaya-ɗaya. Na sa hannu.

Ban gaya wa babanta ba, shi ma bai tambaya ba. Bayan sati uku Monita ya kawo littafin. Na ajiye shi kusa da abincin babanta. Ya buɗe a tsaye, ya wuce mai barci, ya wuce matuƙin jirgi, ya tsaya a shafinta. Ya karanta, ya rufe, ya sa takalmi ya koma shago.

Kwana biyu ba ya ce min komai sai amsa gaisuwa. A rana ta uku da hantsi, lokacin da ya kamata yana shago, na ji ya shigo ɗakin ɗinki ya zauna a benci. Na tsayar da keke.

"Ta gaya min," ya ce, yana kallon bango. "Bara. Ta kawo min abinci shago, kilifata ta tsaya a tsakiyar kan mutum. Ta karɓa ta buɗe, minti biyar ta miƙo min. Da mutumin ya tafi sai ta ce, Baba, ni fa irin wannan nake so in karanta. Na yi dariya. Na ce Dakta, bar wasa, kada mamanki ta ji, zuciyarta za ta karye."

"Ni? Ni ai don kai nake ce mata Dakta."

"To ga shi nan." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Ta ce to, Baba. Ta ɗauki kwano ta tafi. Ba ta sake tayar da maganar ba."

Na so in ce masa ba komai. Sai na gaya masa nawa, na kwali da mai amalanke da filin ƙarfe. Bai yi faɗa ba. Muka zauna, kowa da abin da ya riƙe, har wata mata ta leƙo karɓar ɗinki ta ga fuskokinmu ta koma.

Da zai tashi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yarinyar nan mai surutu, kin san gidansu?"

"Zan tambaya."

"Ki ce ta zo. Ta taho da dogon ma."

Ranar Asabar suka zo. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya shimfiɗa musu tabarma da hannunsa. Rediyo ta fara da labarin babur, ta tashi tsaye tana nuna yadda malamin lissafi ya riƙe kai. Monita yana gyara mata inda ta ƙara gishiri. Baban 'yata ya matso har gwiwarsa na taɓa gefen tabarmar.

"Sai ta ce masa me?" yake tambaya. "A gaban kowa? To daga nan fa?"

Ni ina daga bakin ƙofa. Har rana ta sauka daga kan katanga yana tambaya, suna ba shi amsa.